Facebook, WhatsApp ko zaman fada: ina ɗalibin Damagaram zai nemi hujja kan siyasa da kafofin sada zumunta?

Ɗiyar yayata tana shekarar ƙarshe a Jami'ar André Salifou, kuma malaminta ya amince mata da taken memuwar, wato kundin binciken kammala karatu, kan yadda kafofin sada zumunta ke taɓa siyasa a Damagaram. Ranar wata Juma'a bayan la'asar ta zo gida, ta gaishe ni, ta zauna bakin tabarma da littafinta a cinya. Ta ce, "Kawu, take na samu, hanya ce ta ɓace mini. Abokan karatuna sun ce in kwashi rubuce-rubucen Facebook in ƙirga. Wasu sun ce siyasar garin nan duk tana cikin WhatsApp. Malam kuma ya ce in fita in yi hira da mutane. Wata huɗu ya rage mini, kuɗin da ke hannuna kuwa kai ma ka san iyakarsa."

Na yi shekaru ina aikin anketi, wato bin mutane da tambayoyin bincike, tsakanin Mirya, Magarya da Matamaye, kuma ba ita ce ta farko da ta kawo mini wannan tambaya ba. Abin da muka tattauna a ranar shi ne na faɗaɗa a nan, domin duk wanda ke tsaye a wannan mararraba.

Kafin a zaɓi hanya, sai an san wace siyasa ake nufi. Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka dakatar da ayyukan jam'iyyu, a watan Maris na 2025 kuma aka rushe su baki ɗaya. Ke nan ɗalibi yana da ƙofa biyu. Ko ya koma baya zuwa zaɓen 2020 da 2021, wanda zagayensa na biyu, ranar 21 ga Fabrairun 2021, ya haɗa Mahamane Ousmane ɗan garin nan da Mohamed Bazoum da ya daɗe yana wakiltar Tesker, wato mutum biyu da siyasarsu ta tsiro a jiha ɗaya. Ko kuma ya dubi abin da ake muhawara a kai yanzu: ficewa daga ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma CEDEAO, ƙawancen AES na Nijar da Mali da Burkina Faso, tsadar abinci, tsaro, iyakar Najeriya. Hanyar da ta dace da ƙofar farko ba lallai ta dace da ta biyu ba, kuma zan riƙa nuna hakan a wurinsa.

## Ma'aunan da na auna da su

Na farko kuɗi, kuma ba na forfe, wato kuɗin intanet na waya, kaɗai ba. Akwai kabu-kabu, kwafin takardu, shayi da sukari na fada (majalisar hira ta matasa), cajin waya idan kuran ya ɗauke.

Na biyu dorewa. Hujjar da ka tara yau za ta kai ranar sutanas, ranar da za ka kare memuwar gaban malamai? Idan wani malami cikin juri ya ce ka nuna masa inda ka samo magana kaza, akwai abin nunawa?

Na uku sauƙi, wato abin da mutum zai iya yi da wayarsa da ordinatar ɗin aro, ba tare da ya koyi rubuta manhaja ba.

Na huɗu haɗari, kuma a wurina shi ne babba. Dokar laifukan intanet ta 2019 tana nan. A 2022 an cire ɗauri kan ɓata suna da zagi, amma a watan Yunin 2024 aka mayar da shi: shekara 1 zuwa 3 kan ɓata suna ko zagi ta intanet, shekara 2 zuwa 5 kan yaɗa bayanin da ka iya dagula zaman lafiyar jama'a. Akwai kuma dokar kare bayanan mutane, da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Haɗarin bai tsaya kan ɗalibi ba. Mutumin da ya buɗe maka wayarsa saboda ya san mahaifinka, shi ne zai fi cutuwa idan sunansa ko lambarsa ta fito a shafin memuwar. Baki shi ke yanka wuya, kuma a wannan aiki bakin wani ne aka ba ka amana.

Na biyar shi ne wanda ɗalibai suka fi mantawa: muryar wa kake ji? Masu intanet a Nijar ba su kai rabin jama'a ba, kuma fiye da rabin manya ba sa karanta boko. Kowace hanya tana jiyo wasu, tana barin wasu a waje.

## Shafukan Facebook

Nan kowa ke fara gudu, don yana da arha kuma ana yin sa daga ɗaki. Ka zaɓi shafuka takwas ko goma, na gidajen jarida da na hukumomi da na fitattun masu sharhi, ka yanke lokaci, a ce wata uku, ka bi abin da aka wallafa da martanin da aka yi a ƙarƙashinsa. Forfe da haƙuri ne kawai jarinka.

Sauƙin nasa dai na ido ne. A da akwai CrowdTangle, wata manhaja da masu bincike da ƴan jarida ke amfani da ita su ga abin da ya fi yawo, amma kamfanin Meta ya rufe ta ranar 14 ga Agustan 2024. Wadda ta maye gurbinta, Meta Content Library, sai an cika takardun nema da sunan wata cibiya an jira amsa, kuma mai wata huɗu ba zai jingina aikinsa da wannan jira ba. Kamfanin X, wato Twitter a da, shi ma ya toshe ƙofarsa ta kwasar bayanai kyauta a 2023, ko da yake Damagarawan da ke can ba su da yawa tun asali. Saboda haka da hannu za ka yi komai: ka ɗauki hoton allo, ka rubuta kwanan wata, ka shigar a tebur, ka koma na gaba.

Sai matsalar da babu littafin dabarun bincike na Turai da zai gaya maka. Hausar Facebook ta Nijar ba ta da rubutu ɗaya. Wanda ya yi lakwal ɗin Faransanci zai rubuta "chougaba", wanda ke karanta jaridun Kano zai rubuta "shugaba". "Canji" a wurin wani "tchanji" ne, kamar yadda jam'iyyar RDR-Tchanji ta rubuta nata sunan, "gaskiya" kuma "gaskia". Idan ka nemi kalma da rubutu ɗaya, rabin maganar ya wuce ka ba ka sani ba. Dole ka jera kowace kalma da duk siffofinta, da takwararta ta Faransanci, kafin ka fara ƙirge.

Wajen dorewa Facebook ba abin amincewa ba ne. Na taɓa taya wani ɗalibi da ya adana adireshin rubuce-rubuce kawai, bai ɗauki hotonsu ba. Da ya zo rubuta babi na uku, da yawansu masu su sun goge, wani shafi ma gaba ɗaya ya ɓace. Ya zauna gabana yana latsa su ɗaya bayan ɗaya, kowanne yana nuna masa babu komai a nan. Mai son nazarin zaɓen 2021 ya san da wannan: abin da ya rage a yau shi ne abin da masu shi ba su ji tsoron bari ba, kuma wannan kansa yana karkatar da sakamako.

Haɗarinsa kaɗan ne muddin kallo kawai kake yi. Kada ka yi sharhi, kada ka tura, kuma ka rufe sunayen masu martani kafin ka sa hoto a memuwar. Muryar da za ka ji kuwa ta maza ce ƴan boko mazauna birni, da ƴan ƙasa da ke zaune a Kano, Aljeriya, Libiya ko Faransa, haɗe da asusun bogi. Wanda ya rubuta cewa yana Zinder, wato Damagaram, a shafinsa, ba ka da hanyar tabbatar da cewa a nan ya kwana.

## Gurup-gurup na WhatsApp

Abokan ɗiyata da suka ce siyasar garin tana nan ba su yi ƙarya ba. Wani dare a wata fada ta Sabon Gari na ga an cusa waya cikin kwanon silba don murya ta ƙara fita, mutum tara suna zagaye da butar shayi, ana sauraron vokal, wato saƙon murya, na minti shida. Da ya ƙare wani ya ce, "Sake sa shi daga inda ya ambaci farashin masara." Cikinsu mutum uku ne ke da babbar waya, amma duk taran sun tashi da labarin, wasu kuma za su kai shi gida wurin matansu. Vokal ya rushe shingen karatu. Tsohon da bai san harafi ɗaya na boko ba yana ji, yana kuma mayar da amsa da muryarsa.

Akwai abubuwan da mai bincike ya kamata ya sani game da yadda aka gina manhajar, don su ne ke tsara tafiyar labari. Gurup ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024. Tun 2019 ba a tura saƙo zuwa fiye da wuri biyar a lokaci guda, tun 2020 kuma saƙon da ya sha yawo, mai alamar kibiya biyu, wuri ɗaya ake iya tura shi. Saƙonnin a kulle suke tun 2016, daga wayar mai aikawa sai ta mai karɓa. Ma'anar wannan a wurinka ita ce babu wata taga da za ka leƙa daga waje. Sai kana cikin gurup za ka gani, kuma ko kana ciki ba za ka san wa ya fara yin vokal ɗin ba, ko a Kano aka yi shi, ko a Maraɗi, ko shekara nawa ke nan da yin sa.

A nan jarabawar take. Kowa yana cikin gurup na dangi, na unguwa, na tsofaffin ɗalibai, na ƴan kasuwa, kuma zuciya za ta ce ka kwashe abin da ke ciki shiru, ai ba wanda zai sani. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Mutanen sun yi maganarsu ne a matsayin ƴan uwa da maƙwabta, ba su yi ta don ta shiga laburaren jami'a ba. Hanyar da ta halatta ita ce ka nemi izinin admin, shi kuma ya sanar da gurup, wanda bai yarda ba a cire maganarsa. Ka sani kuma daga ranar da aka sanar, hirar za ta canja, masu zafin baki za su yi sanyi. Wannan ragi ne da dole ka karɓa, ka kuma rubuta shi a memuwar ɗinka.

Kuɗinsa ya fi na Facebook, don vokal da bidiyo suna cin forfe suna cika waya, sai ka sayi katin ajiya. Wahalarsa kuma ta fi ta kowace hanya. Sa'a ɗaya ta murya tana cin sa'a huɗu zuwa shida kafin a mayar da ita rubutu, sannan a fassara zuwa Faransanci, kuma manhajojin da ke juya murya zuwa rubutu suna tuntuɓe da Hausar Damagaram mai gauraye da Faransanci da Barbarci. Manhajar tana ba da damar fitar da hirar gurup a matsayin fayil, amma fayil ɗin yana fitowa da suna ko lambar kowa a jikin kowane layi. Idan ba ka goge su a ranar ba, ka ajiye abin da zai iya jefa mutum ɗari cikin matsala a waya guda da za ta iya faɗuwa a kabu-kabu.

Dorewa babu. Admin na iya kunna saƙonni masu gogewa da kansu bayan sa'a 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Ana rushe gurup a wayi gari babu shi. Maganganun zaɓen 2021 kuwa yawancinsu sun tafi tare da wayoyin da aka sayar ko suka lalace.

Akwai darasi daga maƙwabta. Binciken da cibiyar CDD ta Abuja da Jami'ar Birmingham suka yi kan WhatsApp a zaɓen Najeriya na 2019, wanda ya shafi jihohin Kano da Oyo, ya dogara ne kan hira da mutane, zaman tattaunawa da takardar tambayoyi. Ta bakin mutane suka gano yadda jam'iyyu ke jera gurup tun daga jiha har mazaɓa, da aikin sojojin baka a Kano. Manyan masu bincike da kuɗinsu, ta ƙofar hira suka shiga WhatsApp.

## TikTok

Ba zan daɗe a nan ba. Matasa sun koma can, kuma waƙoƙin kishin ƙasa da gajerun jawabai tun 2023 sun isa a yi nazarinsu. Amma shi ya fi kowa cin forfe, abin da manhajar ke nuna maka ya bambanta da abin da take nuna wa maƙwabcinka, kuma ƙofar da kamfanin ya buɗe wa masu bincike ta jami'o'in Amurka da Turai ce tun farko. Yana da amfani ga mai nazarin salo, yadda ake haɗa waƙa da tuta da kaki a bidiyon minti ɗaya. Mai son sanin ra'ayin Damagarawa ba zai same shi a nan ba.

## Hira a fada da cikin gidaje

Wannan ce hanyar da na fi so, kuma ba na ɓoyewa. Fada ita ce majalisar matasan garin nan tun kafin waya ta zo, daga Birni har Zango, Garin Malam da Kara-Kara, kuma a can saƙon da ya shigo waya ke zama ra'ayi ko a yi watsi da shi. Facebook zai nuna maka abin da aka faɗa. Zama da mutane ne kaɗai zai nuna maka ko an yarda, da dalilin yardar.

Tambayar da ta fi yi mini aiki mai sauƙi ce. Ba na cewa, "Mene ne ra'ayinka kan dimokuraɗiyya?" don wannan tana sa mutum ya gyara zama ya ba ka amsar rediyo. Cewa nake, "Malam, wane saƙo ne na ƙarshe kan al'amuran ƙasa da ya shigo wayarka?" Sai ya zaro waya. Daga nan sauran ke biyowa: wa ya turo, ɗan uwa ne ko baƙo, ka yarda da shi, ka tura wa wani, da wa ka yi maganarsa, ka ji shi a rediyo Anfani ko a shirin Studio Kalangou ko a'a. Ba ka kwafi saƙon ba, ba ka ɗauki lambar kowa ba, amma ka bi sawun labari daga waya zuwa kunne zuwa fada. Wani tela a kusa da Kasuwar Dole ya taɓa ce mini shi ba ya gaskata vokal sai ya ji muryar da ya sani ta maimaita shi. Wannan jimla ɗaya ta koya mini abin da tebur mai layi dubu bai koya mini ba.

Ita kaɗai ce kuma hanyar da ke iya tono abin da ya wuce. Bayan hukumar zaɓe CENI ta bayyana sakamako ranar 23 ga Fabrairun 2021, an yanke intanet ɗin waya kimanin kwana 10. Waɗannan kwanaki ba su bar sawu a Facebook ba, tunda ba a iya shiga, amma suna nan a bakin mutane: wa ya koma rediyo, wa ya riƙa kiran ɗan uwa a Yamai, wane ɗan kasuwa ne cinikinsa ya tsaya. Haka nan dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, da na BBC a watan Disambar 2024. Ina masu sauraron sashen Hausa suka koma neman labari? Tambaya ce mai kyau ta memuwar, kuma ba ta buƙatar ka sa kowa ya zagi kowa.

Kuɗinta matsakaici ne: kabu-kabu zuwa unguwanni, shayi da sukari da za ka kai fada don ba a zuwa hannu rabbana, littafi da biro. Idan za ka fita Mirya ko Matamaye sai ka ƙara kuɗin mota. Hira 25 zuwa 30 masu zurfi sun ishi memuwar. Kafin ka fara ka karɓi takardar izinin bincike daga jami'a, ka je ka gaida mai unguwa ka nuna masa. Wanda ya tsallake wannan mataki, kafin mako ya zagayo an fara raɗa cewa ɗan leƙen asiri ne, kuma daga nan ba wanda zai ƙara gaya masa gaskiya.

Dorewarta ta fi ta kowa, don littafinka ba mai goge shi daga nesa. Ka sa wa kowa lamba a maimakon suna, ka rubuta shekaru da sana'a da unguwa kawai, kuma idan sana'ar za ta tona shi, kamar liman ko mai unguwa, ka sakaya ta. Idan ka naɗi murya da izini, ka mayar da ita rubutu cikin mako, ka goge.

Rauninta biyu ne. Ba za ka iya cewa kashi kaza cikin ɗari ba, kuma wasu za su gaya maka abin da suke zaton kana son ji, musamman a zama na farko. Maganinsa komawa: zama na uku ba ya kama da na farko.

A nan ɗiyata take da abin da ni ba ni da shi. Fada ta maza ce, amma ita za ta iya shiga cikin gidaje, wurin adashi, wurin kitso, islamiyyar matan aure. Mata da yawa wayar miji ko ta ɗa suke aro, wasu kuma suna da gurup na biki da na sana'a da labarin ƙasa ke ratsawa ta ciki. Na ce mata, "Ke, wannan ɓangaren kusan ba wanda ya taɓa shi, kuma ƙofarsa a buɗe take gare ki."

## Takardar tambayoyi da alƙaluman da aka riga aka tara

Wanda malaminsa ya nace sai da alƙaluma, wannan ce hanyarsa, amma ya yi lissafi tukuna. Don kuskuren sakamako kada ya wuce kashi 5, ana buƙatar mutum 384 da aka zaɓa ba da son rai ba. Takarda mai shafi 4 ga mutum 384 ta haura shafi 1,500 na kwafi, ban da masu taya ka zagaye. KoboToolbox, manhajar cike tambayoyi, yana rage wannan nauyi, don kyauta ne kuma yana aiki a waya ko babu rezo. Tarkon da ɗalibai ke faɗawa shi ne su tura adireshin tambayoyi a gurup na abokan karatu, su sami amsa 200, su rubuta cewa ra'ayin matasan Damagaram ke nan. Ra'ayin ɗaliban jami'a masu forfe ne, kuma juri mai ido zai gane tun a shafin farko. Ga kuma tsoro: tambayar siyasa a takarda, daga bakin baƙo, a wannan lokaci, "ban sani ba" za ta fi yawa.

Akwai abin da aka riga aka dafa. Afrobarometer, ƙungiyar jin ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka, wadda cibiyar LASDEL ta Yamai ke gudanar wa bincike a Nijar, tana tambayar mutum 1,200 a kowane zagaye, har da tambayoyi kan inda mutane ke samun labari da yadda suke kallon dimokuraɗiyya, kuma ana sauke bayanan kyauta. Sai dai a lura. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Damagaram mutum miliyan 3.5, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasa, don haka rabonta cikin 1,200 ɗin bai wuce ɗari biyu da wani abu ba, kuskuren kuma ya tashi daga kashi 3 zuwa wajen kashi 6. Ya isa a buɗe babi da shi, bai isa a kwatanta Birni da Zango ba.

## A taƙaice cikin tebur

| Hanya | Kuɗi | Dorewar hujja | Sauƙi | Haɗari | Wa ake ji |
|---|---|---|---|---|---|
| Facebook | kaɗan | rauni, sai da hoton allo | matsakaici | kaɗan | maza ƴan boko, ƴan ƙetare |
| WhatsApp | matsakaici | rauni ƙwarai | mai wuya | babba | jama'a da yawa, har marasa karatu |
| TikTok | forfe mai yawa | rauni | matsakaici | kaɗan | matasa |
| Hira | matsakaici | mai ƙarfi | mai cin ƙafa da lokaci | matsakaici, yana hannunka | wanda ka je wurinsa |
| Takardar tambayoyi | mai tsada | mai ƙarfi | mai wuya a yi daidai | matsakaici | ya danganta da zaɓen mutane |
| Afrobarometer | kyauta | mai ƙarfi | sai an iya lissafi | babu | ƙasa baki ɗaya |

## Wa ya dace da me

Ɗan lisans mai wata uku ko huɗu da aljihu mara nauyi ya ɗauki hira, ya buɗe da alƙaluman Afrobarometer, ya tsaya nan. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Wanda aiki ko rashin lafiya ko nisan gari ya hana shi yawo, ya ɗauki Facebook, amma ya rage bakin takensa. Ya ce yana nazarin yadda shafuka kaza suka ba da labarin abu kaza a watanni kaza, kada ya ce yana auna ra'ayin jama'a. Ya ɗauki hoton komai a ranar da ya gan shi, ya ajiye a wuri biyu.

Ɗan masta mai shekara guda zai iya haɗa biyu: shafukan Facebook don ganin abin da aka jefa, hira don ganin inda ya faɗa. Idan yana son WhatsApp, ya nemi gurup ɗaya ko biyu da izini a fili, zai fi kyau na sana'a ko na unguwa, ya kuma sanar da malaminsa a rubuce kafin ya fara.

Ɗan jarida ko mai aikin tantance labari, wanda buƙatarsa ita ce ya san jita-jitar da ke yawo yau, ba ya buƙatar shiga gurup ɗin kowa. Ya ba da lamba ɗaya da masu sauraro za su riƙa turo masa abin da suke shakka, da kansu.

Ƙungiya mai kasafin kuɗi da masu anketi ita ce ta dace da takardar tambayoyi ta gaske, birni da karkara, maza da mata, bayan ta kammala takardunta da hukumomi.

Ɗiyata ta zaɓi hira da mata 30 a unguwanni uku, kan inda suke jin labarin ƙasa da wanda suke gaskatawa, da mako biyu na bin shafukan gidajen rediyo don ta kwatanta. Ta tambaye ni ko za ta iya farawa da gurup ɗin danginmu tunda tana ciki, na ce a'a, sai ta fara tambayar gwaggonta da ke riƙe da shi. Ranar Litinin za ta je karɓar takardar izini, ni kuma na yi mata alkawarin raka ta gaida mai unguwar Garin Malam.